Ɗigon Man Gyaɗa Uku

Ranar Litinin ce, ƙarfe takwas da rabi na safe, kwana biyu da ba mu babban hutu, a shekarar da na gama aji biyar. Mu uku ne a shagon buga takardu na Kawu Issa da ke bayan tashar Dogon Dutsi: shi, da ni, da wata tsohuwa da ta zo daga Tibiri a buga mata takardar neman shaidar haihuwar jikarta. Ƙunshin kayana yana bakin ƙofa, domin da la'asar zan tafi gida Kieshe. Kawu ya kunna ordinatar, kwamfutarsa ke nan, ya jawo tsohon kalabiyensa, wato allon madannai, ya fara bugu, sai ya tsaya. Harafin E bai fito ba. Ya danna R da T da ke kusa da shi, su ma shiru. Faransanci kuwa ba ya rubutuwa babu E.

Na san abin da ya kashe su. Karatu ne ya kawo ni gidan Kawu, kuma da ƙyar Baba ya sake ni. Ranar da zan taho ya ce, "Duk ranar da kika jawo magana, turmi yana jiranki." Saboda haka na iya zama a gidan mutane. Ina ɗebo ruwa a famfo tun rana ba ta fito ba, in yi surfe, in zuba wa awaki dusa, in share shago kafin in wuce lakwal, wato makarantar boko. Doka ɗaya ce a shagon, kada in taɓa kalabiye. Ga shi da nauyi kamar faifan ƙarfe, madannansa dogaye, in Kawu yana bugu sai ka ce akuya ce ke tafiya a kan rufin kwano. Idan ya tafi sallar azahar nakan zauna a kujerarsa in yi ta dannawa, na'ura a kashe. Ranar Juma'a na ji E yana ɗan maƙalewa. A Kieshe duk abin da ya cije man gyaɗa ake ba shi, daga ƙyauren ɗaki har ƙafar amalanke. Na ɗebo daga kwalbar madafa, na ɗiga sau uku da tsinken tsintsiya, na tafi ina jin na yi abin kirki.

Yanzu ga ni a lungu tsakanin tebur da bango, tsintsiya a hannu, kuma babu hanyar fita sai ta bayan kujerar Kawu. Shi mutum ne marar gaggawa. Ya cire waya ya hure bakinta ya mayar. Ya kashe na'ura ya sake kunnawa. Ya bi madannai ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta matattun a bayan ambulan. Duk abin da ya wanke daga zargi, sai in ji ɗakin ya ƙara matsewa.

Tsohuwa ta ce, "Malam, abin ga iska ta taɓa shi."

Kawu ya ce, "Inna, iskar da ke tsince haruffa uku a jere ta bar saura, ai ta yi lakwal."

Ya lanƙwasa siririyar waya, ya ɗage hular E. A ƙarƙashi akwai baƙin kwaɓi na mai da ƙura da matattun kiyashi. Tsohuwa ta lakata ta sansana, ta ce, "Man gyaɗa ne, na gida." Sannan ta dubi ƙunshina, ta dube ni. "Hannun ƙauye ne wanga, ɗiyata. Gyara kika so."

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce zaɓi biyu gare ni: in tafi yau da takarda zuwa ga Baba, ko in zauna har kalabiye ya koma yadda yake. Na kwance ƙunshina.

Da auduga da alkol, ruwan goge ciwo na asibiti, na wanke madannan ukun duka, kowanne da rana tasa, domin Kawu ba ya yarda a cire biyu lokaci guda. R da T sun farfaɗo. E ya ƙi, sai da mai gyaran rediyo ya narka dalma ya dasa masa kayan cikin wani madannin da ba a amfani da shi. Bayan nan Kawu ya ce wanda ya ɓata shi ke gwaji, ya ɗora ni a kan takardun mutane. Damina ta sauka ina ciki. Ƙamshin ƙasa yana shigowa ta ƙofa, ni kuwa ina lissafa abin da ake yi a Kieshe: yau shuka, ƙannena suna bin Baba suna rufe rami da diddige, yau noman farko, yau 'yan mata suna gaɗa a dandali babu ni.

Yau, bayan shekaru, a ɗakin labarai na gidan rediyo nake aiki. Kalabiyen da ke gabana ba shi da nauyi, ba shi da murya, in harafi ya mutu sai a jefar a kawo wani. Nakan so a ce akwai abin da zan ɗage in ga dalili da idona. Sana'ar da nake ci da ita a shagon Kawu na same ta, kuma damina guda na biya.

Kawu bai taɓa rubuta takardar ba. Baba ya ɗauka daɗin birni ne ya hana ni zuwa noma a shekarar, kuma har ya rasu ban gyara masa wannan zaton ba.