Tulunan da Baba Ya Binne a Butalbagar

Bazarar nan ta cika shekara bakwai da rasuwar Baba, mahaifin maigidana. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ko a takarda, domin surukina ne. Mutanen Sabangali za su gane shi: dogon tsohon nan magini mai baƙin keke, wanda Hausawan unguwa ke kira Baba Kirista, wanda in katangar wani ta zube da damina shi ake fara aika wa. Karatuna bai wuce aji uku ba, na daɗe ina juya wannan rubutu kafin na miƙa shi. Amma akwai maganar da na riƙe shekara tara, kuma wanda ya kamata ya fara jin ta ba ya nan.

Sa'ad da aka kawo ni Njamena ina amarya, ɗaki biyu na haya muke ciki a Sabangali, mu uku. Ban san kowa ba, Larabcin kasuwa ma sai in yi ta nuni da yatsa. Ni kuwa mai tsoro ce tun ina ƙarama. In na ƙona tuwo, sai in yini ina tunanin za a ce a maida ni gidanmu. Baba ne ke kwantar min da hankali. Bai taɓa kirana da suna ba, sai 'yata.

Yana da fili a Butalbagar. Wanda ya san wurin yanzu ba zai yarda ba, amma a lokacin babu komai sai ƙaya da baƙar laka da awakin mutane. Abokansa na coci suna tsokanarsa, wai ya sayi wurin da ko ɓarawo ba zai bi shi ba. Shi kuma ya ce ya gina wa mutane gidaje shekara da shekaru, yana so ya zauna a inuwar da ya dasa da hannunsa kafin Ubangiji ya kira shi. Litinin zuwa Juma'a yana aikin mutane. Lahadi ko cebur ba ya taɓawa. Asabar kaɗai ce ta filin: a buga tubali, a share, a ɗebo ruwa a rijiyar wani makiyayi. Kafin ya sa hannu a komai sai ya cire hula ya yi addu'a, gajeriya, kamar mai gaisawa da maƙwabci.

A bazarar farko ya sayo dashe bakwai: mangwaro mai aure huɗu, gwaiba biyu, lemun tsami ɗaya. Ya sayo sababbin tuluna bakwai, ya haƙa rami a gindin kowace shuka. Ranar Asabar ɗin da za a binne su, muna isa aka biyo shi da saƙo, wani dattijon coci ya rasu, ana nemansa wajen gina kabari. Ya ce, "'Yata, ramukan na nan. Ki binne kowane tulu zuwa wuya, ki cika shi, ki rufe bakinsa da kasko. Kada ki ɗauki abu mai nauyi." Ina da cikin 'yarmu Alheri wata huɗu a lokacin.

Da ya tafi na zuba ruwa a ɗaya don in ɗauraye, sai na ga jikin tulun ya jiƙe yana tsattsafowa. Na gwada na biyu, haka. Duk bakwai ɗin haka. Raina ya ɓaci. A gidanmu tulun da ke yoyo jefar da shi ake yi. Na ce matan kasuwa sun ga tsoho idonsa ya yi rauni, sun tura masa waɗanda ba su gasu sosai ba. Ga ragowar siminti a buhu. Na dama shi ruwa-ruwa, na zuba a kowane tulu na jujjuya har ya shafe cikin duka, na kife su a rana. Kafin la'asar sun bushe. Na binne, na cika, na rufe. Na koma gida ina jin daɗi, ban faɗa wa kowa ba, ina jira a gani a yaba.

Asabar ta gaba ban je ba, jiri ya hana ni. Maigidana kuma yana kan hanya da mota, sai da yamma ya iso. Baba ya tafi shi kaɗai, bai dawo ba sai da rana ta faɗi, rigarsa duk laka, yana jan keken maimakon hawa. Da muka zauna cin abinci Baba ya ce shuka biyar sun ƙone, saura lemo da gwaiba ɗaya.

Maigidana mai saurin fushi ne a lokacin. Ya ajiye loma ya ce, "Da tulunan a gindinsu? Wa ya taɓa su?"

Baba ya ce, "Laifina ne. Lakar wurin nan ba irin ta gida ba ce, ta toshe su. Ni ya kamata in lura." Sai ya juyo wajena yana min bayani a hankali, kamar hira: tulun shuka dole ya yi gumi, da gangan ake zaɓen mai tsattsafo, shi ke shayar da saiwa kaɗan-kaɗan har mako ya zagayo. Ya ce, "Allah ya ce mu huta, 'yata, bai ce itace ya zauna da ƙishi ba."

 Na gane abin da na yi. Na buɗe baki, na dubi fuskar maigidana, na rufe. Na yarda cewa Baba bai sani ba, tunda tulunan na cikin ƙasa, kuma ga shi ya ɗora wa laka. Na bar tsoho ya ɗauki laifina a gaban ɗansa.

Ya sake dasa wasu a gurbin waɗanda suka mutu. Duk Asabar ni ke cika tulunan, kuma na lura ruwan yana sauka. Na ce simintin ne ya tsattsage da kansa, Allah ya rufa min asiri. Amma rufin asirin bai ba ni kwanciyar hankali ba. Ranar da ake cin jibin Ubangiji a coci, in fasto ya ce kowa ya bincika zuciyarsa, sai in fita da yarinya waje kamar tana kuka. Sau nawa na shirya maganar a hanyar Butalbagar, Alheri a bayana, Baba a gaba yana tura keke da bidon biyu na ɗiban ruwa. Kullum sai in ce bari mako mai zuwa.

Bayan shekara biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, cikin irin wannan zafi. Ɗakin da yake ginawa a filin ya kai linta, saura kwano. Kwanansa huɗu a lopital, wato asibiti. A rana ta huɗu, Asabar ce, na tsinci kaina ni da shi kawai. Na durƙusa a bakin gadon na ce, "Baba, ina da magana."

Ya buɗe ido ya ce, "Kin cika tulunan?"

Na ce na cika.

Ya ce, "To, kalas. Kin gama naki." Ya rufe ido. Na ce in ya farka zan faɗa. Bai farka ba. Bai kwana ko sau ɗaya a gidan da ya buga tubalinsa ba.

A gidan muke yanzu. Nakan tsaya a ƙofa in yi tunanin me zai ce da ya ga Butalbagar ta yau. Inda awaki ke kiwo duk katanga ce, shago na bin shago, babura na wucewa har mutum ya riƙe hannun yaro da ƙarfi. Rijiyar makiyayin nan an cike ta, akwai famfo a bakin layi. Masu sayar da tulu sun ragu, kowa roba. Ina jin zai yi dariyar abokansa da suka ce ko ɓarawo ba zai zo ba, tunda har gwaibarmu yara ke haurowa su tsinka. Ina jin kuma ba zai ji daɗi ba in ya ga mangwaro biyu da muka sare don a yi makewayi da wurin girki. Jikokinsa uku ne yanzu. Ƙaramin yana yawan tari, ni kuwa ba na rabuwa da taɓa goshinsa. Da yana nan da ya ce, "'Yata, bar yaro ya yi wasa."

Watan jiya maigidana ya fara haƙa harsashin ɗakin yara, a inda mangwaro ɗaya ya bushe bara. Diga ta sami tulu. Ya tono shi, ya kakkaɓe, sai ya kira ni. A kewayen gindin tulun akwai 'yan ƙananan huji, jere, tazararsu ɗaya kamar an auna, kowane an cusa masa zaren buhu don kada ruwa ya zube gaba ɗaya. Zaren bai ruɓe ba.

Ya ce, "Wannan hannun Baba ne. Ba mai huda yumɓu da ƙusa haka bai fasa ba sai shi." Ya leƙa ta inda diga ta fasa shi, ya kankare da farce. "Amma wa ya shafa siminti a ciki?"

Na zauna a kan tubali. Na tuna rigar nan mai laka, da keken da yake ja. Magini ne, yatsa ɗaya ya sa ya gane siminti. Shi kaɗai, a ranar bazara, ya tono tulu bakwai, ya huda su ɗaya bayan ɗaya, ya maida su, sannan ya dawo gida ya ce laka ce.

Na ce, "Baban Alheri, ni ce." Na faɗa masa duka. Ya daɗe yana juya tulun a hannu. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ni yake tsoro, kada in huce a kanki." Sai ya shiga ɗaki, na ji yana share hanci.

Shekara tara ina tsoron a sani, ashe an sani tun makon farko, an kuma yafe kafin in roƙa. A coci an sha gaya mana haka gafarar Allah take, ina ji da kunne kawai. Sai da na gan ta an huda da ƙusa a gindin tulu. Abin da ke ci min rai yanzu ba mangwaron ba ne. Shekara biyu yana kallona ina cika tulunan nan, yana ce min sannu da aiki, ni kuma ban taɓa ce masa na gode ba, don ban san akwai abin godiya ba.

Keken an sayar, kayan aikinsa sun watse a hannun masu aro. Lemon na nan, ya fi katanga tsawo, maƙwabta Musulmi da Kirista duk suna aiko yara in mura ta kama su. Tulun da ke gindinsa bai taɓa fitowa ba tun ranar da Baba ya maida shi. Lahadin da ta wuce na ci jibi ban fita waje ba. Asabar kuma na cika tulun, na rufe da kasko, na tsaya har na ji ruwan ya fara sauka. Na ce, "Baba, na gani."