Ƙwaryar Fetur ta Habu Mai Gem

Shekara goma sha takwas ke nan da muka kai ƙanena Habu makwancinsa a Rano, amma har yau akwai masu kiransa ɗan caca. Da a kan mamaci kaɗai maganar ta tsaya, da na haɗiye ta kamar yadda na saba. To yanzu ta faɗo kan ɗansa Nasiru, wanda yake neman aure a Durba. Dangin yarinyar sun aiko bincike kamar yadda aka saba, aka ce musu ubansa gidan caca ya buɗe har sai da unguwa ta rufe shi. Suka dakatar da maganar. Kawun yarinyar ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ya sa ni rubutu ke nan, ni da karatuna bai wuce firamare ba.

Ga abin da Habu ya buɗe. A farkon dawowar mulkin farar hula ya sayo tsohuwar na'urar gem a Kano, da ƙaramar talabijin da janareto, ya kafa su a wani shago kusa da tasha. Yara sukan buga ƙwallo da dambe su watse. Amma akwai kaset guda da ba sa so, don ba a harbi a cikinsa, shi ne ya tara mu manya. Labarin wani matafiyi ne mai fitila da igiya, rijiyoyin garinsu sun ƙafe, ya fita neman inda ruwan ya maƙale. Rubutun da yake fitowa ko Turanci ba ne, ba mai iya karanta shi. Habu ne yake dannawa yana ba mu labarin da Hausa, yana raɗa wa mutanen ciki sunaye. Matafiyin muka sa masa Ɗan Fitila.

A benci akwai ni, da Isa tela, da Ɗanlami direba mai jigilar Kibiya zuwa Kano, da Sallau, wani manomin Tarai da yake zuwa a keke ranar kasuwa. Gardamarmu ta fi gem ɗin tsawo. Isa kiɗan da ake ji in Ɗan Fitila ya shiga kogo ne ya kama shi, har a kan keken ɗinki yake rera shi. Yakan ce gem ɗin yana da kunya, domin ba ƙofar da za ta buɗe sai ka tsaya ka saurari wani tsoho. Ɗanlami hanyoyin yake yabo, ba taswira, sai ka riƙe kowace kwana a ka, kamar hanyar Fassi da damina. Sallau kuwa kushe yake zuwa yi.

"Yaron nan ba shi da tarbiyya," in ji shi. "Ya faɗa gidan mutane ba sallama, ya buɗe musu adaka, matar gida tana tsaye tana kallonsa. Ga shi yana taka shukar mutane."

"To shiga ka yi masa shinge mana, Sarkin Noma," in ji Ɗanlami.

"Kai ma haka kake tuƙi, shi ya sa jininku ya haɗu."

Da gaskiyar Sallau. Ɗan Fitila yakan diro daga kan dutse ko ɗingishi bai yi, amma ƙaramar kwata ta tsayar da shi. Ya tsinci gasasshiyar kaza a ƙasan kogo ya cinye, bai tambayi wanda ya yanka ba. Ni abin da ya fi ƙona min rai shi ne gem ɗin ba ya tuna komai. Da an ɗauke wuta, ko kana bakin ƙofar ƙarshe, sai ka koma farkon gari. Na ce wannan mugunta ce. Habu ya ce, "Yaya, shi ne ya manta, kai ai ba ka manta ba. Hanyar da ta ci mana yini jiya, yau kafin azahar mun wuce ta." Na daɗe ina musa masa. Sai da na tsufa na yarda ya fi ni gaskiya.

Wannan mantuwar ce ta haifi ƙwaryar. In ana son a yi nisa, dole na'ura ta yini a kunne, wutar lantarki kuwa ba abar dogaro ba ce. Sai Habu ya ajiye ƙwarya a gindin talabijin, kowa ya jefa abin da ya samu, a sayo wa janareto fetur. Karo-karo ne, irin wanda muke yi na taki da na gyaran masallaci. In Ɗan Fitila ya afka rami mu yi salati, in ya tsallake mu yi shewa, wani don murna ya ƙara jefa sulalla. Mai wucewa da ya leƙo me zai gani? Magidanta, da ihu, da ƙwarya, da kuɗi.

Lokacin an ƙaddamar da shari'a, kowa yana ɗokin gyara. Ni ma na yi murna, har yau ban janye ba. Amma gyaran da ba tambaya ɓarna ne. Dattawan unguwa suka zauna, aka kira Habu, ba wanda ya tambaye shi amfanin ƙwaryar. Ya nemi abokan zamansa su zo su faɗa. Isa ya ce ɗinkin mutane ya yi masa yawa. Ɗanlami ya yi sammakon tafiya Kano. Kowa ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta, ya koma shafa wa nasa ruwa. Na yi magana, aka ce shaidar yaya ce ga ƙaninsa. Sallau yana Tarai, bai ji ba sai da aka gama. Aka rufe shagon. Habu ya sayar da komai ya koma Kano yana acaɓa, don ya kasa jure kallon da ake yi masa a masallaci. Ba a daɗe ba mota ta banke shi. Inda ruwan ya maƙale, har yau ba mu gani ba.

Nakan tambayi kaina, da Habu zai ɗago ya ga Rano ta yau, me zai ce? Kowane aljihu da gem a ciki. Cacar ƙwallo ta gaske tana cikin waya, samari suna yi a inuwar da dattawan nan suka zauna a kansa, ba wanda ya kira taro. Na san halinsa, dariya zai yi ya nemi a ara masa wayar. Ni na kasa dariyar.

Abin da ya fi min ciwo na gan shi kwanan baya a wajen wani ɗaurin aure. Isa yanzu Alhaji ne mai shagon yadi, Ɗanlami yana da motoci. Na same su suna gardama, wai tsakanin kogo da hamada na cikin kaset ɗin Habu wanne ya fi wuya, suna cewa gem ɗin yanzu ba ɗanɗano, sai kyan hoto. Sun tuna sunan kowane tsoho na cikin kaset, amma ba wanda ya ambaci wanda ya raɗa sunayen. Na ce su raka ni Durba su faɗi gaskiyar ƙwaryar.

"Malam Garba," in ji Alhaji Isa, "mutum da girmansa ya je ya ce ya zauna kallon gem? Ina da surukai fa."

Ɗanlami ya ce shi ba zai samu zuwa ba, amma zai zuba min mai a mota.

Sallau ne ya raka ni, ga tsufa, ga ido ya yi rauni. A zauren kawun yarinyar ko doguwar gaisuwa bai bari an gama ba, ya dubi kawun ya ce:

"Alhaji, ni ban taɓa son gem ɗin nan ba, yaron ciki ɓarawo ne. Amma ƙwaryar ta fetur ce, da hannuna na jefa. In caca ce, to ga ɗan caca a gabanka, ka fara da ni."

Kawun ya ce za su yi shawara. Har yanzu ba mu ji daga gare su ba. Nasiru ya daina tambayata, sai dai ya gaishe ni ya dubi fuskata.

Habu bai bar shago ba, bai bar gona ba. Ya bar ɗa mai kunya, da mutum guda a Tarai da zai tsaya masa, da wani suna da ba nasa ba wanda ya fi shi tsawon rai. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. A Rano na ga ta yi, har ana miƙa wa maraya ya ci. Allah ya jiƙan Habu, ya sa ya huta. Sauran da suka zauna a bencinsa kuwa suna nan da ransu, suna karanta jarida, kuma sun san hanyar Durba.