Safiyanu Mai Raba Wutar Rana

A wani gari kusa da Gangara, in ka tambayi Safiyanu kowa ya san shi, sai dai a ɗan yatsine fuska kafin a nuna maka hanya. Yana bayan gari, cikin wani ɗakin kwano mai zafi kamar tanda, gefen farantan hasken rana da masu furoje, wato 'yan ƙungiyar agaji, suka kafa shekara shida da suka wuce. Shi ke raba wutar garin.

Wutar kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Layi uku ne: na gidan likita, inda firigon sanyaya allurar rigakafi da maganin sarar maciji yake, da na famfon ruwa, sai na injin niƙa. Da can akwai na'urar da ke rabon da kanta. Aradu ta ƙone ta a damina ta biyu, masu furoje kuma sun riga sun naɗe tabarmarsu. Batiran ma sun tsufa, yinin hadari ɗaya sai su yi laƙwas. To daga nan Safiyanu ya zama na'urar. Da sassafe zai fito ya duba gabas, ya shaƙi iska. In ya ga giragizai, ya kashe niƙa. In suka yi kauri, ya kashe famfo, mata su yi ta ja masa Allah-ya-isa da tulunansu. Firigo dai ba ya mutuwa.

Me ya sa sai shi? Don baƙo ne. Ɗan Tenhya ne, ba shi da kawu ba shi da suruki a garin, yana iya kallon idon kowa ya ce a'a. An taɓa gwada Lawali, ɗan gari, mai hankali kuwa, ranar da Safiyanu ya je Tanut. Surukar Lawali ta zo da hatsin suna, ga hadari a sama. Yo wa zai ce wa surukarsa a'a? Aka yi niƙa, batir ya ƙare, washegari majo, mai kula da gidan likita, ta kwashe lalatattun allurai cikin kwali tana hawaye. Tun ranar ko da wasa ba mai karɓar makullin ɗakin nan.

Bana, farkon damina, ƙanwarsa Balki ta aiko masa da saƙon murya. Ta ce idon mahaifiyarsu, Inna Asibi, yana rufewa; na hagu ya riga ya tafi, na dama sai inuwa-inuwa. Inna ta ce ya zo tun tana iya shaida fuskarsa.

Kwana uku kawai yake bukata, zuwa da dawowa, amma kwana uku na rana tangaram, yadda zai bar layukan duka a kunne ya tafi. A cikin damina fa! Ya sayi turmin atamfa mai ruwan ganye, irin wanda take so, ya ɗaure jaka ya ajiye bayan ƙofa. Rana ta yi kwana biyu, ya ce gobe, gari ya waye da lumshi. Ya roƙi mai gari a bar famfo da niƙa a kashe har ya dawo. Mai gari ya ce ruwan tafki ne ya kawo zawo bara, ba zai sake mai da yara can ba. Abin haushin ke nan, kowa da gaskiyarsa.

Sai aka shiga wani fari mai cin rai. Kullum hadari ya haɗu, ya rufe rana, ya watse ba ko ɗigo. Gero ya fara nannaɗe ganye. Aka fita roƙon ruwa, Safiyanu na cikin sahu, hannu a sama, amma zuciyarsa roƙo take sama ta washe. Kunya ta kama shi, ya ga kamar na kusa da shi na jin abin da ke ransa, ya ɗaga murya ya fi kowa cewa amin. Ruwa ya sauka, ya yi ta sauka har mako bakwai. Gari na murna, shi yana ɗakin kwano da hannu a kan makunnin famfo.

Sai da aka fara yankan gero sama ta yi tas. Ya isa Tenhya da azahar, rana kamar ta fasa kai. A zaure Balki ta raɗa masa cewa yau kwana biyar ko hasken ƙofa Inna ba ta gani, kuma ba wanda ya iya gaya mata idon ne ya ƙare.

Ya same ta a tsakar gida kan tabarma, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta juyo wajen muryarsa, ta miƙo hannu tana laluben goshinsa da kumatunsa, ta ce ya rame. Ba ta yi masa ƙorafi ba, da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Atamfar nan kasa ciro ta ya yi daga jaka.

Can ta ɗaga kai sama.

"Safiyanu, kai ne ka san sama. Hadari ne ya haɗo haka? Kwanan nan duhu nake ta gani."

Ya kalli sama, ba ko ƙyallen girgije.

"Hadari ne, Inna."

"To tashi ka koma, kada maganin 'ya'yan mutane ya lalace."