Ranar da Auta ta ba Inna labarin bayin Amurka

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma Inna Bafulatana ce ta gasken-gaske, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta yi magana a kaina sai ta ce "waccan". In na gaishe ta, bango take amsa wa. Kowa a unguwarmu ta Ƙofar Ran ya san kunyar ɗan fari ce, ni ma na sani, amma sanin bai taɓa rage min zafin abin ba.

Tarihi nake koyarwa a sakandare, kuma ba darasin da nake so kamar na mutanen Amurka da suka tashi tsaye kan a daina bauta. Tun ina koyon aikin malanta, da la'asar nakan shimfiɗa tabarma dab da ƙofar ɗakin Inna, wai ina bitar darasin gobe. Wane bita! Da ƙarfi nake yi don ta ji. In faɗi yadda ake ɓoye bawan da ya tsere daga wannan gida zuwa wancan har ya kai arewacin ƙasar inda aka hana bauta, in faɗi masu buga jaridu da aka farfasa musu injina saboda sukar bauta. Inna tana ciki tana tsince wake, ko tari ba ta yi. Akuyoyinmu sun fi ta nuna sha'awa, wallahi.

Sai ga Auta, ƙanwata, ma'aikaciyar jinya, an tura ta Amurka kwas na 'yan makonni. Yarinyar da a makaranta ko sunan tarihi ba ta son ji! A can aka kwashe su, ita da abokan karatunta, yawon buɗe ido, aka kai su wani tsohon gida da aka taɓa ɓoye bayi a ƙarƙashin daɓensa.

Ran da ta dawo na bar makaranta na hau keke na zo yi mata sannu da zuwa. Na tarar da ita a kan gadon Inna, ta miƙe ƙafa, Inna na dama mata fura. Ni kuwa na zauna inda na saba, bakin ƙofa.

"Inna, kin ga ramin?" Auta ta ce, tana nuna mata hoto a waya. "Nan suke kwana. Na leƙa da kaina, na kusa suma."

Inna ta ajiye ludayi. Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta kai ta kusa da ido. "Wayyo bayin Allah," ta ce. "Ba ni labari, Auta."

Ba ni labari! Shekaru ina zuba wannan labarin a ƙofarta kyauta ba ta ce uffan ba, yau ga shi tana roƙo a wajen wadda ta leƙa rami na minti kaɗan. Don kishi, ko tsarabar da Auta ta miƙo min ban iya buɗewa ba.

Auta ta gyara zama ta shiga ɓaro zance. Wai Turawa ne kawai suka ji tausayi, suka yi ta ɗebo bayin a mota suna kai su tudun mun tsira. Mota! Na ciji leɓe. In na gyara mata a ce baƙin ciki nake, kuma gaskiya ne, shi nake.

"A'a," Inna ta ce. "Ba haka aka yi ba."

Muka juya muka dube ta.

"Wace mota a lokacin? Yawanci da ƙafa suke tafiya, suna bin tauraro. Kuma ba Turawa kaɗai ba ne. Cikin bayin akwai waɗanda suka tsira, suka sake komawa suka ɗauko 'yan'uwansu, har da mace. Akwai ma matan da suka daina sa sukari a shayi saboda bayi ne ke noma raken."

Maganar sukarin nan sau ɗaya na taɓa yin ta a tabarmar nan, tun ban yi aure ba.

"Inna, a ina kika ji duk wannan?" in ji Auta.

"A gidan nan mana. Waccan takan cika mana kunne."

Ba ta dube ni ba. Ta miƙa wa Auta ƙwaryar furar, ta share mata wani abu a kumatu da gefen mayafinta.

Auta ta juyo tana dariya. "To Yaya, ke ce malama, ƙarasa mana."

Na buɗe baki kenan Inna ta miƙe, ta ce bari ta je ta duba tukunya. Ta raɓa ta gefena ta fita. Ban ji takunta ya yi nisa ba, kuma madafinmu can ƙarshen gida yake. Sai na ɗaga murya yadda na saba, na fara daga farko, ina kallon Auta tana shan furar da aka dama mata.