Almakashin Inna Gudiya

Kakata Gudiya ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma duk garinmu Kashin Zama babu wanda ya kai ta littattafai. Guda bakwai ta bari, duk ita ta ɗinka su da hannunta. Takardar buhun siminti take kaɗewa ta yanka, ta ɗinke da zaren rama, ta jiƙa ƙaro a ɗan kasko don liƙi. Shekarar da aka cire Kebbi daga Sakkwato kowa na murnar samun jiha, ita kuwa tata murnar daban take. An shiga gine-gine a Jega, takarda ta wadata.

Ita ce ungozomar garinmu, kuma tana da wata ɗabi'a da mata suka yi ƙorafi har suka gaji. Ranar suna, da an gama aski, sai ta zaro almakashi ta datse kusurwar zanen goyo, ko da sabo ne dal. Mai jego ta yi ta ƙunƙuni, Inna ko a jikinta. Tana komawa gida ta liƙa ƙyallen a tsakiyar shafi, ta zauna yi masa kwalliya sai ka ce amarya. In namiji ne ta kewaye shi da tufkar rama. In mace ce ta jera mata takardar alewa mai ƙyalli, ko ribon da take sa a sayo mata ranar kasuwar Jega. Sana'ar gidan kuma zare ke faɗa. Ɗan manomi zaren da ta dafa da ɓawon albasa har ya yi ruwan zuma, ɗan maƙeri baƙin zare, ɗan makiyayi kuwa gashin wutsiyar sa. Babu suna ko ɗaya a rubuce, amma buɗe mata kowane shafi ka sha labari har ka nemi hanyar gudu.

Almakashin nan nata ya tsufa, yana da giɓi a baki, duk inda ya bi sai ya bar ɗan haƙori. Ni Iklima, jikarta, abin ya dame ni, na sayo mata sabo a Aliero. Ta juya shi, ta yi godiya, ta rataye shi a bango.

"Wanga baƙo na," in ji ta. "Bai san kowa ba garin ga."

Na ji haushi ƙwarai, na ce tsufa ne kawai.

Bayan an kwashe albasa a shekarar 1993, wata mata ta iso garinmu da goyo a baya da ƙunshi a ka. Sunanta Shafa'atu, daga wata ruga kusa da Maiyama. Ta ce ubanta Alu ne, ƙanen Malam Isiyaku na nan garinmu, kuma Alun ya rasu tun ba a yaye ta ba. Uwarta Bafulatana ce, ta koma wurin danginta da ita, suka yi ta ƙaura da shanu. Da damina uwar ta rasu, ta bar mata sunan gari da sunan gida. Ba gona ta zo nema ba. So take ta sami wanda za ta kira Baffa, ɗiyarta kuma ta tashi ta san dangin kakanta.

Malam Isiyaku ba mugu ba ne, amma shi kaɗai ya rage a ɗakinsu, kuma rasuwar Alu ba ta taɓa sakinsa ba. Ya dube ta, ya kawar da kai.

"An ce mani ɗiyar Alu ta rasu tun shekarar ƙyanda. Kak ki tada mani tsohon ciwo, yarinya."

Shafa'atu ta zauna a ƙofar gida da goyonta. Wallahi ta ba ni tausayi. Mata suka yi ta lallashinsa har ya yarda a je wurin Inna.

Inna ta sa aka shimfiɗa tabarma, ta tambayi baƙuwar, "Ɗiyata, uwakki ta bam miki zanen da tag goye ki da shi?"

Shafa'atu ta kwance ƙunshi ta fito da wani tsohon saƙi, tana jin kunya. "Ga shi, Inna, sai dai kusurwa guda babu. Innata hat tar rasu tana hwaɗin wata tsohuwa ta ɓata mata shi ranas suna."

"Ni ta!" Inna ta buga cinya. "Amma uwakki ta yi mani sharri, lokacin ban tsuhwa ba."

Wuri ya kaure da dariya, ban da Malam Isiyaku. Inna ta ɗauko littafi na biyu, ta lashi yatsa, ta yi ta buɗawa har ta tsaya. A duk littattafan nan bakwai shafin ne kaɗai aka tufka zaren albasa da gashin wutsiyar sa wuri guda. Ta ɗora bakin zanen kusa da ƙyallen da ke liƙe. Layin saƙar ya haɗu, haƙorin da giɓin almakashi ya bari ya shige gurbinsa daram.

Malam Isiyaku ya durƙusa ya shafa wurin da yatsa, ya sake shafawa. Tsohon da ban taɓa ganin haƙoransa ba, sai ga shi yana kuka yana dariya.

"Ke ta," ya ce. "Ashe kina nan. Tashi ki shiga gidan ubanki."

"To, Baffa," in ji Shafa'atu. Guɗa ta tashi, har maƙwabta suka fito da ludayi a hannu.

Ana cikin wannan hayaniya muka ji ƙaras. Inna ta lallaɓa ta bayan Shafa'atu ta datse kusurwar zanen da take goye da ɗiyarta. Wannan karon babu wadda ta yi ƙunƙuni. Ta ɗaga ƙyallen ta ce a samo mata ɓawon albasa ta dafa zare, Malam Isiyaku ya hana kowa motsi, ya miƙe da sandarsa ya tafi rumbu ya ɗebo da kansa.