Shafin da Khaulat Ta Tsaya

A bakin hanyar Kasuwar Shanu, Oche mai shagon cajin waya yana kallon wani dattijo da bai san sunansa ba. Dogo ne, rigarsa ta koɗe a kafaɗa, tafin hannunsa duk kanta irin ta masu jan igiyar shanu. Yana kwance ƙullin wani ɗankwali a hankali, sai ga kwamfutar hannu, irin wadda ɗalibai ke zuba littattafansu a ciki.

Da dattijon ya kunna ta, shafin littafin aikin jinya ya bayyana, an shafa wa layi ɗaya launin rawaya. Da gani ba ya karatun boko, don idonsa ba ya bin rubutun, kallon shafin kawai yake yi kamar mai kallon fuska. Yana lasar yatsa irin na mai buɗe takarda. Yatsan ya kusa taɓa gilashin, sai ya tsaya.

"Baba, ba sai ka lasa ba," in ji Oche. "Kawo in juya maka."

Dattijon ya rungume ta a ƙirji.

"A'a, ɗana. Nan 'yata Khaulat ta tsaya, Allah ya jiƙanta. Ka dai ba ta wuta, kada shafin ya ɓace."

Oche ya san ƙarewar caji ba ta ɓatar da shafi. Duk da haka ya zare tasa wayar daga wuta, ya karɓi kwamfutar Khaulat da hannu biyu.