Ashe Ƙaura Ka Yi

Mai Tabarau a mota ya tsufa. Ba zolaya nake ba, furfurarsa ta farko a madubin direba ya hango ta. Shagon da yake aiki yana tsakiyar birni, gidansa kuwa yana can ƙarshen hanya, inda bas take juyawa don ba sauran inda za ta. Tsakanin tafiya da dawowa yana zaune a bayan kantar shagon, yana gurza gefen gilashin tabarau a inji, yana ɗaure ƙusoshin nan da in ɗaya ta faɗi ƙasa sai dai a haƙura.

Tun da matarsa ta rasu, gidan ya zama wurin kwana kawai. 'Yarsa tilo, wadda ke aure a wani gari, ita ta ɗaura ɗamarar raba shi da hanyar.

"Baba, gwiwar nan taka fa ba ta ƙarfe ba ce," in ji ta a waya. "Ka nemi ɗaki kusa da shago mana."

"To, na ji."

"Kullum ka ji, Baba."

Gaskiyarta. Abin da ba ta sani ba shi ne akwai Dogo. Dogo mai kula da sito ne a wata masana'antar fenti da ke bakin gari. Da safe yakan shiga bas bayan Mai Tabarau, ya sauka kafin a shiga birni. Da yamma kuma ya tarar an ajiye masa jaka a kan kujera. Shekara da shekaru suna zama kafaɗa da kafaɗa, kuma ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Dogo yana son taga a buɗe, Mai Tabarau yana son ta a rufe. In ɗaya ya ce za a yi ruwa, ɗayan sai ya rantse ko ɗigo. Ba wanda ya taɓa taka gidan wani, ba wanda ke da lambar wani. Me za ka yi da lambar mutumin da yake gyangyaɗi a kafaɗarka safe da yamma? Lokacin rasuwar matar, Dogo bai iya dogon jawabi ba. Ya dai bar tagar a rufe na tsawon makonni, yana ta zufa.

Wata safiya ana ruwa, gwiwar ta ƙage a matakalar bas, sai da aka ciccibi Mai Tabarau kamar buhu. Kunyar ta fi masa ciwon zafi. Da 'yar ta ji, ba ta ƙara neman shawararsa ba. Ta zo, ta samo ɗaki a bayan shago, ta zuba wasu sabbin aure haya a gidan.

A tafiyarsa ta ƙarshe ya yi niyyar gaya wa Dogo. Amma ya fasa, don ya ga in ya faɗa abin ya tabbata ke nan. Sai suka ɓige da musun taga. Dogo ya miƙe zai sauka ya ce, "Sai gobe, rigimamme."

"Allah ya kai mu," in ji Mai Tabarau.

Wannan ce wautar da ya yi, kuma dattijo kamarsa bai kamata ya yi ta ba.

Ɗakin ba laifi. Ga famfo a ƙofa, ga taga mai kallon bangon maƙwabta. Daga gado zuwa kantar shago, ko shayi bai huce ba ka isa. Lokacin da hanya take cinyewa duk ya dawo hannunsa, sai ya rasa inda zai kai shi. Yana farkawa da wuri yadda ya saba, ya goge takalmi, ya zauna a bakin gado cikin shiri yana jiran a buɗe shago. Yini guda, maganarsa ba ta wuce "Gwada mu gani" da "Ya matse ki a kunne?" ba. Da yamma ba wanda zai ce masa ƙarya yake. Gwiwa ta warke sumul, amma kaɗaici ya kama shi irin wanda ko bayan rasuwar matarsa bai ji ba.

"Ka ga amfanin maganata, Baba?" in ji 'yar.

"Na gani, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka."

Sau da yawa ya yi nufin zuwa tasha, sai kunya ta riƙe shi: me zai ce? Kowane mako da ya wuce, bayanin ƙara nauyi yake. Sai da damina ta wuce, wata yamma ya rufe inji, ƙafafunsa suka kai shi. Kwandasta ya ƙura masa ido kamar ya ga fatalwa. Mai Tabarau ya zauna, ya ɗora jaka a kujerar gefe.

A bakin masana'anta Dogo ya shigo, yana sunkuyar da kai saboda rufi. Ya gan shi, ya tsaya cik.

"Mutumina," in ji Mai Tabarau, yana janye jakar. "Ga wurinka."

"Ina ka shiga?"

"Ɗaki na kama kusa da aiki. Gwiwar nan ce, ka sani."

Dogo ya kalle shi. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta.

"Na je har ƙarshen hanya. Na bi gida-gida ina tambayar mai gyaran tabarau. Wata amarya ta leƙo ta ce tsohon ba ya nan, 'yarsa ce ta ba su makulli. Na tsaya a ƙofar gidanka na yi maka addu'a. Na yi maka kuka, da girmana. Ashe ƙaura ka yi."

Ya wuce baya ya riƙe ƙarfe, ya tsaya da doguwar ƙafarsa, alhali ga kujera. Mai Tabarau ya juya sau ɗaya, Dogo yana kallon waje. Da aka zo tasharsa, ta ƙofar baya ya sauka.

Bas ta yi ta zubar da mutane har ta kai inda take juyawa. Kwandasta ya bubbuga jikin motar.

"Baba, ƙarshe ke nan. Za ka sauka?"

"A'a," in ji shi. "Ba ni da kowa a nan. Mu koma."